Ɗinkin da Ban Warware Ba

Litinin, bayan La'asar

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, kuma a wurinSa nake neman sauƙi.

Surukina, mijin 'yata Auta, ya dawo daga ofishin shige da fice da bayanin sabuwar doka. Ya zauna a kan kwalayen da muke yin bangon littafi da su, ya karanta mini ita a tsanake. Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, baƙon da ya kafa sana'a a ƙasar nan ba za a sabunta masa izinin aiki ba sai yana da 'yan ƙasa biyu da ke aiki tare da shi. Wannan da sauƙi: Auta a nan aka haife ta, takardunta na nan ne, kuma ita ke karɓar aikin mutane a gaban shago. Saura mutum ɗaya. Na biyu, duk baƙon da ke aiki a ƙarƙashin wani, sai mai shagon ya je da ƙafarsa ya rantse cewa mutumin ƙwararre ne, da hannunsa yake aikin a halin yanzu, kuma yana koya wa ɗan ƙasa. Idan ba a rantse ba, izininsa ya faɗi, sai ya koma inda ya fito.

Baƙo ɗaya ne a ƙarƙashina, idan har za a iya cewa Dogo yana ƙarƙashin wani.

Surukina ya ce, "Baba, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Wa ya taɓa kama ƙafar Baba Dogo a ɗinkin littafi a garin nan?" Na ce babu. Gaskiya na faɗa, gwargwadon yadda aka yi tambayar.

Dogo yana bakin taga yana goga wa zare kakin zuma.

Talata, bayan Asuba

Na zo shago kafin kowa, na yi abin da na saba yi. Na kulle, na koma gida karin kumallo.

Laraba, da hantsi

Yau tunanin motar da ta kawo mu ya hana ni sakat. Babbar mota ce ta kaya, mu kuma a bayanta a kan wani dogon benci. Kowa ƙafarsa na ƙasa sai ta mutum ɗaya, tana lilo. Direba ya leƙo ya ce dogon nan ya matsa, aka bushe da dariya, sunan kuma ya bi shi har yau. Ban san shi ba kafin wannan rana. Ni da buhun littattafaina, shi da gwangwanin allurai a aljihu. Da ruwan sama ya sauko a hanya, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe buhuna, ya zauna a jiƙe. Na tambaye shi dalili, ya ce shi rana za ta shanya shi, takarda kuwa ba ta yafiya.

Shagonmu na farko ƙarƙashin matakalar wani bene ne, inda ni ba na iya miƙewa tsaye, shi kuwa yana yawo kamar a fili. Abin matse littattafanmu katako biyu ne da jak na mota. Tun daga lokacin muka raba aiki: shi ɗinki, ni manni da bango. Ya ninke takardu ƙunshi-ƙunshi, ya huda, ya ɗinke su a jere, ya ajiye a kan kanta su kwana. Washegari in shafa danƙo, in matse, in sa bango. Sunana aka rubuta a takardar kafa shago don kawai ni na iya cika ta. Tun ranar yake kirana Maigida idan yana son ya ba ni haushi.

Alhamis, bayan Azahar

An samu ɗan ƙasa na biyu. Mai gyaran takalma ne da aka tashi rumfarsa lokacin faɗaɗa titi, magidanci mai furfura a gemu, da iyali a wuyansa. Ya san allura, ya san fata. Ya shigo yana sunkuyar da kai kamar wanda ya zo roƙo, na ce masa ya ɗago, ai mu ke bukatarsa. Da na ga yadda ya riƙe alkawarin aikin da hannu biyu, sai na kasa kiran dokar nan zalunci, ko da yake tun Litinin nake son in kira ta haka. Ƙasarsu ce, kuma 'ya'yansu ma suna cin abinci.

Na zaunar da shi kusa da Dogo. Dogo ya laluba hannunsa ya ce hannun kirki ne, sai dai a gaya masa littafi ba ya taka ƙasa, kada ya buga masa ƙusa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na raka Dogo maƙabarta wajen matarsa, Allah Ya jiƙanta. A da shi ke gaba, ni ina biye. Yanzu ya kan riƙe gefen rigata, ya ce don kada in ɓace. Ba su sami haihuwa ba. A can gida kuwa babu wanda ya rage masa sai ɗan ƙanwarsa, wanda bai taɓa gani ba sai a waya.

Da muka gama addu'a ya dafa ƙasar da ke gefen kabarin, ya ce har yanzu ba a kai ga wannan wurin ba. Na ce masa mu tafi, rana ta yi.

Asabar, bayan Asuba

Na yi abin da na saba yi.

Litinin, bayan Magariba

Na ciro littattafan fiƙihu na shimfiɗa su a tabarma, na shiga babin rantsuwa kamar mai neman ƙofar baya a gidan da shi ya gina. Na karantar da wannan babi ga manya da yara sau ban san adadi ba. Akwai magana mai fuska biyu da malamai suka yi rangwame a kanta ga wanda aka zalunta. Dogo yana zaune a benci kullum, allura a hannunsa: idan na ce da hannunsa yake aiki, harafi ɗaya ban ƙara ba. Amma hukuncin a fili yake. Idan mai haƙƙi ne ya rantsar da kai, rantsuwar tana kan abin da shi yake nufi, ba abin da ka ɓoye a zuci ba. Kuma na san abin da suke nufi.

Ita kuwa rantsuwar ƙarya da gangan, wadda ke dulmiyar da mai ita, ban ga inda ciyarwa ko azumi ke kankare ta ba. Na duba inda na san babu, na sake dubawa.

Mun shigo ƙasar nan da amana. Ba su taɓa cin tamu ba.

Talata, bayan Asuba

Aikin safiya ya ninku. Ban gama ba har aka fara buɗe shagunan layi.

Laraba, bayan La'asar

Sai in rubuta, tunda shafi ba ya kai rahoto.

Mai gyaran takalma ɗalibi ne na gari, kuma wannan ce musibar. Yana kallon hannun Dogo, yana kwaikwayonsa sak. Dogo ya bar zare sakwa-sakwa, shi ma ya bari. Dogo ya yi ƙulli mai saurin kwancewa, shi ma ya yi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan zare har fata ta yi ƙara, yanzu yana danne hannunsa yana koyon sakaci, yana zaton shi ne sirrin sana'ar. Ya same ni a wurin danƙo ya tambaye ni a hankali, "Malam, a littafi haka ake barin zare da numfashi?" Na ce masa ya bi malaminsa.

Astagfirullah. Wannan ma ban san a wane babi zan sa ta ba.

Saboda haka yanzu kanta biyu ke jirana da safe.

Alhamis, bayan Asuba

Yatsana ya tsage. Na ɗaure shi da tsumma don kada jini ya taɓa takardar mutane.

Alhamis, bayan Magariba

Mai ɗakina ta ga yatsan. Ta kawo man shafawa, ta zauna tana shafa mini, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Na ɗauka a duk tsawon lokacin nan ta yarda cewa muraja'ar karatu ke fitar da ni da sassafe. Na soma yi mata bayanin babin rantsuwa, ta bari na kai aya, sannan ta ce:

"Malam, shekara biyu kana yi wa Dogo ƙarya da hannu kowace safiya. Ka warware ɗinkinsa, ka sake, ka mayar kan kanta kamar ba a taɓa ba. Yanzu ta baki ce ta yi maka nauyi?"

Na ce waccan rufin asiri ne, wannan kuwa da sunan Allah za a yi ta. Ta ce ita ba ta yi karatun da na yi ba, abin da ta sani shi ne ranar da aka haifi Auta ba ni da ko abin sayen sabulu, kuma ta san wanda ya sayar da agogonsa. Ta rufe kwalbar man, ta tashi.

Juma'a, da yamma

Maƙabarta. Dogo ya yi tuntuɓe a ƙofa, ya ce an ƙara wa dokin ƙofar tsawo.

Asabar, bayan Azahar

Surukina ya kawo ranar da aka sa mana: Alhamis mai zuwa, da safe. Ya ce babu wanda zai zo shago dubawa, ɗaga hannu ne kawai da maimaita kalmomi, kowa haka yake yi, har masu shagunan da ma'aikatansu ba su san hanyar shagon ba. Yaro ne mai ladabi, nufinsa alheri. Na ce Allah Ya yi masa albarka.

A da, sabunta izini tafiya ce ta nishaɗi. Mu sa fararen kaya ni da Dogo, mu hau bas, a buga mana hatimi, mu biya ta wurin mai shayi a hanyar dawowa. Akwai wani tsohon jami'i da ya kan ajiye mana littafin mahaifinsa da ya ɓaɓɓalle, mu gyara masa kyauta. Dogo ya kan ɗinke shi a kan cinyarsa a cikin bas, motar na tsalle, allurar ba ta kuskure rami ko ɗaya. Mutane su miƙo wuya suna kallo. Ni kuma in zauna ina hura hanci kamar ni ke yi.

Lahadi, da hantsi

Ban fita ba. Ban buɗe littafi ba.

Litinin, bayan La'asar

Wani abu ya faru yau wanda ban san fassararsa ba. Dogo ya ce wa mai gyaran takalma ya miƙo masa aikinsa ya ji. Wannan ne karo na farko da ya nema. Ya riƙe littafin, ya bi bayansa da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya ɗan girgiza shi, takardun suka yi lilo. Ya daɗe a haka. Sai ya tambaye shi wa ya koya masa wannan. Bawan Allah ya amsa da murna, "Ai kai ne, Baba. Hannunka nake bi."

Dogo ya ajiye littafin. Da aka kawo abincin rana ya ce ya ƙoshi.

Talata, bayan Magariba

Na yanke shawara. Ba zan rubuta ta ba, don kada hannuna ma ya zama shaida. Wanda Ya san abin da ke cikin ƙiraza Ya riga Ya sani. Ina fatan rahamarSa, ko da yake na san ba haka ake neman ta ba.

Laraba, da hantsi

Na zo bayan Asuba kamar kullum, na tarar da mutum zaune a dakalin shago. Dogo ne, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Maƙwabcinsa mai tura baro ya rako shi. Na ce lafiya, ya ce lafiya lau, ya zo ne ya ga aljanin da ke taya shi aiki.

Na buɗe, muka shiga. Ban kunna fitila ba, shi kuma bai nema ba. Ya zauna a bencinsa ya ce in ɗauko na kan kanta in fara, kada ya ɓata mini lokaci. Na tsaya kamar an dasa ni.

Ya ce, "Maigida, kai a zatonka don me nake barin zaren sakwa-sakwa? Ƙarfin hannuna yana nan. Ramukan ne ba na gani. Na san ina tsallake wasu, ina huda inda babu. Idan na ja zaren, da ka zo warwarewa sai ka yaga takardun mutane. Shi ya sa nake yi maka ƙulli mai sauƙi."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun safiyar farko. Wai ina shafa kaki kamar a bola na tsince shi, kuma ƙullina na hagu ne, ko jariri ya taɓa zai gane. Ya ce ɗinkina bai kai nasa na da ba, amma ba laifi, na yi ƙoƙari.

Na ce to me ya hana shi magana. Ya ce abin da ya hana ni.

Ana jin masu shara a titi.

Sannan ya ce, "Ni da kai mun yaudari juna, mun tashi babu mai bin wani. Amma wannan bawan Allah sana'a ya zo nema, da yara a gida, ni kuma na lalata masa hannu. Gobe kuma kai za ka ɗaga naka ka ambaci Allah saboda ni. Mutum biyu sun yi yawa a kan benci ɗaya, gara in koma gida."

Na kawo masa zancen maƙabarta. Bai kamata in yi ba, amma na yi. Ya ce ita ta san hanyar da za ta same shi, ranar da za a tara kowa ba a tambayar takardar izini. Ya ce kuma ni da nake karantar da mutane cewa rai bai san ƙasar da zai kwanta a cikinta ba, in daina yi wa kaina togiya.

Na ce ban yarda ba, ni ne mai shago. Ya yi dariya har da tari.

Alhamis, bayan Azahar

Mun sa fararen kaya, mun hau bas. Surukina na gaba, Dogo riƙe da gefen rigata.

Jami'ar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai Auta shekaru ba. Ta gaishe mu da girmamawa, ta duba takarduna, ta ce nawa ya cika, ta buga hatimi. Sannan ta jawo na Dogo, ta ce in miƙe. Na miƙe. Allah ne shaida, har yanzu ban san abin da bakina zai furta ba da an bar shi.

Dogo ya riga ni. Ya ce, "'Yata, ki bar dattijon nan ya zauna, ƙafarsa na ciwo. Ni ba na gani. Na daɗe ba na gani."

Surukina ya sunkuyar da kai. Jami'ar ta dubi Dogo, ta dube ni, ta ajiye alƙalaminta. Ta tambaya ko yana da mata ko ɗa ɗan ƙasa da za a jingina zamansa gare shi. Ya ce yana da mata, amma ba ta iya sa hannu yanzu. Ta gane. Ta fita ta daɗe, ta dawo ta ce ta tambayi na sama da ita, babu wata ƙofa; iyakar abin da ke hannunta shi ne ta ba shi mafi tsawon wa'adin shiri da doka ta yarda, kuma ta ba shi. Ta rako mu har bakin matakala, abin da ba aikinta ba ne.

Mun biya ta wurin mai shayi. An rushe wurin, shagon waya ne yanzu.

Asabar, bayan Asuba

Na farka, na yi salla, na rasa inda zan je.

Litinin, bayan La'asar

Dogo ya kira mai gyaran takalma ya gaya masa komai, ya nemi gafararsa. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Yanzu ga yadda suke yi: shi ya huda, ya sa allura, Dogo ya ɗora hannunsa a kan nasa su ja tare, har sai ya ce ya isa. Ina jin su daga wurin danƙo. "Ja. Ƙara. Kai, ba takalmin soja ba ne, sassauta." Na ɗauki wanda suka gama na girgiza, ko motsi. Irin ɗinkin cikin bas.

Da an zo rantsar da ni a kan koyarwa kaɗai, yau da na rantse da zuciya ɗaya. Na faɗa wa Dogo haka, ya ce kullum a makare nake.

Juma'a, da yamma

Maƙabarta. Dogo ya sa na ƙirga masa bishiyoyin da ke kusa da kabarin matarsa, ya ce kada in zo in yi wa wata addu'a in ce na cika alkawari. Ya daɗe a tsugune. Na ja da baya na ba su wuri.

Talata, da hantsi

Ɗan ƙanwar Dogo ya iso da motar safe. Dogo ne shi na gaske, sai da ya sunkuya a ƙofar shago. Mai ɗakina ta haɗa guzuri kamar na mutum goma, ba ta fito ba, ta ce hayaƙi ya shiga idonta.

Laraba, bayan Azahar

A tasha Dogo ya ba mai gyaran takalma gwangwanin allurai. Ni bai ba ni komai ba. Ya ce wanda ya sha kakinsa shekara biyu ya riga ya karɓi rabonsa. Na yi masa addu'ar matafiyi, muryata ta ƙi kai ƙarshe, shi ya ƙarasa. Da suka zauna a mota na leƙa ta taga. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba.

Alhamis, bayan Asuba

Ƙafata ta kawo ni shago ba da shawarata ba. A ƙarshen kanta na tarar da littafi ɗaya da ban san da shi ba: tsohon littafina ne na fiƙihu, wanda ya sha ruwa a gefe ɗaya duk da rigar da aka lulluɓa masa, wanda ya shekara yana ɓaɓɓallewa ina cewa sai an samu lokaci. Dogo ya ɗinke shi shi kaɗai, ban san yaushe ba. Ya tsallake ramuka, ya huda inda babu, wani ƙunshin ya fi wani tsawo. Na nemi bakin ƙullin da farce kamar yadda na saba.

Wannan karon ya ja zaren. Ƙullin ba ya kwancewa.

Na ɗora danƙo a wuta.